Annoba da Tarbiyyar Likitan Hoto

Daga cikin fannonin likitanci da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ɗan Adam a wannan zamani, akwai wani fanni wanda majinyaci bai cika sanin ma'abucinsa ba, domin idan likita ya rubuta masa takarda ya ce ya je a yi masa hoto, wanda zai yi ido biyu da shi shi ne mai ɗaukar hoton, wanda zai jingina masa ƙirji a jikin allo mai sanyi ya ce ya ja numfashi ya riƙe. Amma wanda zai karɓi hoton bayan an ɗauka, ya ƙura masa ido a ɗaki mai duhu, ya fassara inuwoyin da ke cikinsa, sa'an nan ya rubuta hukuncin da za a gina magani ko tiyata a kansa, wannan wani likita ne dabam, wanda ya gama karatun likitanci kamar kowa, kuma ya ƙara wasu shekaru yana neman ƙwarewa a hannun manya. Yadda ake horar da wannan likita, da yadda annoba ta yi ta sassauya horon tun farkonsa har zuwa shekarar korona, shi ne abin da nake nufin bayyanawa a nan. Abin da ya ja hankalina ga mas'alar kuwa shi ne, duk annobar da ta gabata aiki ta ƙara wa ɗalibin hoto, ta kuma bar shi zaune a gefen malaminsa, alhali ita korona ta ɗebe masa aikin, ta kuma raba shi da malamin a lokaci guda, abin da fannin bai taɓa gani a faɗin duniya ba tun da aka kafa shi.

Asalin al'amarin sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Ranar 8 ga Nuwamba 1895 wani malamin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Rontgen, yana gwaji a jami'ar Wurzburg, ya lura da wani haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa takarda da katako da naman jiki, ƙashi da ƙarfe ne ke tare mafi yawansa. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito sarai, kuma cikin 'yan watanni labarin ya game asibitocin Turai da Amurka. Da fari karaya da harsashi da allurar da ta shige jiki ake nema da shi. Abin da ya mai da shi ilmi mai malamai da ɗalibai shi ne tarin fuka, wanda a lokacin yana sahun gaba cikin cututtukan da ke cika maƙabartun biranen Turai.

A Boston, Francis Williams ya fara leƙa ƙirjin masu tari tun 1896, ya kuma wallafa babban littafi a kan fannin a 1901. A Faris kuwa Antoine Beclere ya sayi na'ura da kuɗin aljihunsa a 1897, ya kafa ta a asibitin Tenon, ya ɗora wa kansa duba ƙirjin majinyatan da aka kwantar a hannunsa, sa'an nan ya buɗe darasi ga likitocin da ke son koyo, darasin da ya ci gaba da bayarwa shekara da shekaru bayan ya koma asibitin Saint-Antoine. Yana da kyau mai karatu ya san yadda karatun nan yake a wancan zamani. Ɗaukar hoto a farantin gilashi yana da tsada da jinkiri, saboda haka majinyaci ake tsayarwa tsakanin na'urar da wani allo mai ɗan ƙyalli, cikin ƙirjinsa ya bayyana a kai yana motsi, zuciya na bugawa, haƙarƙari na ɗagawa, amma da haske mai rauni ƙwarai, har sai likita ya zauna cikin duhu na wasu mintoci idonsa ya saba kafin ya iya ganin kome, daga baya ma aka ƙago jan tabarau da ake sawa kafin a shiga. To, a irin wannan ɗaki malami da ɗalibansa kan cunkushe, kai da kai, a gaban mai tarin da ke numfashi a fuskokinsu, ga kuma hasken na'urar yana cin hannuwansu sannu a hankali. Beclere kansa ya rasa yatsu ta wannan hanya, kuma a 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a harabar asibitin St. Georg da ke Hambug, aka sassaƙa sunayen mutum 169 waɗanda hasken ya yi ajalinsu. Allah ya sani, ilmin da aka biya wa irin wannan diyya bai cancanci a yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar mura ta 1918, wadda tsofaffinmu suka riƙa kira Marisuwa, wadda kuma ta shigo Ikko ta jirgin ruwa a watan Satumba ta bi layin dogo har Kano, sun zo wa fannin kusan tare, suka tilasta horo na gaggawa. Marie Curie ta shirya motoci 20 masu ɗauke da na'urar hoto domin bakin daga, ta kuma koyar da mata kimanin 150 aikin ɗauka cikin darasi na 'yan makonni, rundunar sojan Amurka ita ma ta buɗe makarantar da ke koya wa likitocinta karatun hoto a taƙaice. A barikokin sojan ne samari suka yi ta faɗuwa da ciwon huhu, da mugunyar da kan taru a kogon ƙirji bayansa, kuma hoto ne ke nuna wa mai tiyata inda ruwan ya kwanta da kuma yawansa. Da ƙura ta lafa, manyan fannin suka ga cewa horon 'yan makonni larura ce kaɗai ta halatta shi, ba zai yiwu ya zama ƙa'ida ba. Jami'ar Kambirij ta fara ba da shahada ta musamman a fannin a 1920, Amurka kuma ta kafa hukumar jarraba likitocin hoto a 1934. Daga nan aka taho sannu-sannu zuwa ga abin da muka sani yau, watau likita ya zauna shekaru a asibitin koyarwa yana aiki yana koyo kafin a ba shi ijaza.

Tarin fuka dai bai saki fannin ba. A 1936 wani likita ɗan Birazil, Manuel de Abreu, ya fito da dabarar ɗaukar hoton ƙirji a ɗan ƙaramin fim mai araha, wadda ta sa ya yiwu a ɗora na'ura a mota a bi unguwa-unguwa da masana'antu ana ɗaukar mutanen da ke ganin lafiyarsu ƙalau, domin a tsamo masu ɗauke da cutar ba su sani ba. A birnin Gilasgo kaɗai, a 1957, an ɗauki mutum fiye da 700,000 cikin mako biyar. Ɗalibin wancan zamani bai taɓa kukan ƙarancin abin karantawa ba, sai dai kukan yawa. Wannan yawan ne kuma ya tono wata gaskiya mai ɗaci, wadda a ganina ita ce ginshiƙin duk tarbiyyar fannin. Binciken da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, wanda Henry Garland na San Faransisko ya yi ta jan hankalin abokan aikinsa a kai, ya nuna cewa ƙwararrun masu karatu kan tsallake kusan kashi ɗaya cikin uku na hotunan da ke da cuta a cikinsu, kuma mutum ɗaya, in aka sake miƙa masa hotunan da ya karanta a baya, yakan saɓa wa hukuncinsa na farko a kusan ɗaya cikin biyar na masu cutar. Tsoron irin wannan rauni, da tsoron kada ido ya ga abin da zuciya ke so, shi ya sa lokacin da aka gwada maganin streptomycin a Ingila, gwajin da aka wallafa a 1948, aka sa likitocin hoto biyu da wani likita guda su karanta hotunan kowa shi kaɗai, ba tare da sun san wanda aka bai wa maganin ba. Idan idon da ya shekara talatin a bakin aiki yana tuntuɓe haka, ina ga idon ɗan shekara ɗaya?

Maganin da fannin ya riƙe shi ne bita a gaban malami, kuma a kanta nake son in ɗan tsaya, domin wanda bai fahimce ta ba ba zai gane abin da korona ta taɓa ba. Ɗalibi zai fara karanta hotunan shi kaɗai, ya rubuta abin da ya gani. Da hantsi ko bayan azahar sai malami ya jawo kujera ya zauna dab da shi, a riƙa maƙala fim a jikin allon haske ɗaya bayan ɗaya, malamin yana riƙe da jan fensirin kakin da ake yi wa fim alama da shi. Ba ya fara faɗin amsa. Yakan ce, me ka gani? Ɗalibi ya ce ƙirji lafiya lau. Sai malam ya yi shiru, ya kai bakin fensirin bayan inuwar zuciya, ko can saman huhu inda ƙashin wuya ke ɓoye ƙaramin tabon tarin fuka, watau tibi, ko kuwa ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, inda siririn layin iska ke shaida cewa hanji ya huje, kamar yadda yakan faru ga yaran da zazzaɓin taifot ya ci ƙarfinsu a asibitocinmu. Kunya ta rufe ɗalibin, kuma ba zai sake tsallake wannan lungu ba har iyakar rayuwarsa ta aiki. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama malamanmu sun daɗe da sanin cewa muɗala'a ba ta wadatar da ɗalibi daga shaihi: ya ja baƙi, malam ya gyara masa nan take, na gefe su amfana da gyaran da ba nasu ba, kuma a cikin zaman ne ake ɗaukar abin da ba a rubuta a littafi, kamar yadda babba ke cewa ban tabbata ba ba tare da jin nauyi ba, da yadda yake ɗaga waya ya kira mai tiyata da dare saboda inuwar da ba ta kai ƙwayar gero ba, da yadda yake amsa wa likitan da ya shigo ɗakin a fusace yana neman amsa yanzu-yanzu.

Na'urori sun yi ta sauyawa, zaman nan bai sauya ba. A watan Oktoba 1971 aka ɗauki majinyaciya ta farko da na'urar siti-sikan ta Godfrey Hounsfield a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, sikanin ciki shi ma ya yaɗu, na'urar em-ar-ai ta biyo baya. Cutar ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a watan Yuni 1981 ta dalilin wani baƙon ciwon huhu da ya kama samari biyar a Los Anjalas, ta koya wa ɗalibai sababbin kamannu a huhu da ƙwaƙwalwa, ta dawo da tibi da wata fuskar da ba ta bin tsohuwar ƙa'ida, ta kuma wajabta taka-tsantsan da jini da allura ga masu aikin zura bututu a jijiya. Daga shekarun 1990 fim ya fara ba kwamfuta wuri a asibitocin ƙasashe masu wadata. An yi wannan ne domin sauƙin ajiya da saurin aiki, amma hoton da ke cikin kwamfuta ana iya karanta shi daga ko'ina, kuma ba a san nauyin wannan magana ba sai bayan shekara ashirin da wani abu.

Gargaɗi ya zo a 2003, lokacin da cutar numfashi ta SARS ta shiga asibitin Prince of Wales na Hong Kong a watan Maris, ta kwantar da likitoci da ma'aikatan jinya da ɗaliban likitanci da dama daga ɗaki guda. Likitocin hoto na asibitin suka ɗora hotunan majinyatan a intanet domin takwarorinsu na sauran ƙasashe su san kamannin cutar kafin ta iso musu. A Singafo aka ware asibitin Tan Tock Seng domin masu cutar, aka hana ma'aikata tsallakawa daga wannan asibiti zuwa wancan, a Toronto ta Kanada kuma aka tsayar da zagayen masu neman ƙwarewa tsakanin asibitoci. Cutar ta kama mutum kimanin 8,000, ta kashe 774, ta lafa cikin watanni, darasin ya zauna a hannun 'yan biranen da suka ɗanɗana.

Sa'ad da korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, da fari sai ya zama kamar abin da aka saba ne zai sake aukuwa, watau annoba ta cika ɗakin hoto da aiki. Siti-sikan na masu cutar ya nuna wani farin hazo-hazo a gefe-gefen huhu biyu, musamman ta ƙasa da ta baya, kuma da kayan gwaji suka yi ƙaranci, hukumomin lardin Hubei suka shiga lissafa wanda hotonsa ya nuna ciwon cikin masu cutar, har adadin da aka sanar ranar 13 ga Fabrairu 2020 ya ƙaru da kusan 15,000 a yini ɗaya. Amma ranar 11 ga Maris, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar annoba ce da ta game duniya, ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta ba da fatawar kada a mai da siti-sikan abin tantance masu cutar, saboda kamannin nan ba nata ba ne ita kaɗai, kuma duk majinyacin da aka shigar sai an rufe ɗakin an tsabtace shi kafin na biye. Aka koma ga ƙaramar na'ura mai taya, ana tura ta bakin ɗakin killacewa, a wasu asibitocin ma ta cikin gilashin ƙofa ake ɗaukar hoton, ma'aikaciyar jinya ta sa farantin a bayan majinyaci, mai ɗauka yana tsaye daga waje.

Sa'an nan aka dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba, jama'a kuma suka ƙaurace wa asibiti saboda tsoro. Wani babban rukunin asibitoci na jihar Niyok mai suna Northwell ya ƙididdige cewa a tsakiyar Afrilu 2020 hotunan masu zuwa daga gida sun ragu da kashi 88 cikin 100 in an gwada da na shekarar da ta gabata, hoton mama da ake yi domin gano sankara tun tana ƙarama ya ragu da kashi 94, em-ar-ai kuma da kashi 74. A duba abin da wannan ke nufi ga ɗalibi. Horon a Amurka shekara huɗu ne bayan shekara guda ta aikin jinya, an yanka shi wata-wata, wannan watan a sashen ƙwaƙwalwa, wancan a na yara, wancan a na mama. Wanda watansa na hoton mama ya faɗo a Afrilu ya tarar da sashen wayam, alhali doka ta shar'anta masa karanta hoton mama 240 a ƙarƙashin malami kafin a yarda ya karanta shi kaɗai, kamar yadda aka shar'anta sa'o'i 700 a sashen nukiliya. Ido ba ya ƙwarewa sai da yawan gani, kuma mafi yawan abin da ya kamata ya gani lafiyayyun hotuna ne, domin wanda bai ƙoshi da kamannin lafiya ba ba zai shaida cuta ba in ta zo a ɓoye. Abin da ya rage ga ɗalibai a makonnin nan shi ne ƙirji bayan ƙirji, duk cuta ɗaya.

Rashin aikin ya fi sauƙi a kan rabuwar. Ɗakin karatu ɗaki ne mai ƙunci, galibi babu taga, kujeru a manne da juna, abin magana da madannai hannu da yawa ke taɓa su, saboda haka yana cikin wuraren farko da aka watse. Aka raba ma'aikata gida biyu, waɗannan mako a asibiti waɗancan mako a gida, domin kada mutum ɗaya ya kwantar da sashe baki ɗaya; manyan malamai, waɗanda da yawansu dattawa ne da cutar ta fi yi wa barazana, aka kai musu kwamfutocin aiki gidajensu. Bita ta koma ta waya ko ta Zoom, wani lokaci ma ba bita, sai dai ɗalibi ya buɗe rahotonsa ya tarar malam ya goge jimla ya sa wata, ba tare da ya san dalili ba. Gyara ya isa ga majinyaci, alhamdu lillahi, amma bai isa ga idon ɗalibi ba. Waɗanda suka fi cutuwa su ne 'yan shekarar farko da suka fara a watan Yuli 2020, waɗanda ba su san yadda ɗakin yake a da ba, suna jin nauyin kiran malamin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba takunkumi domin su yi tambayar da da a gefensa suke da juyowa kawai za su yi. Da ƙungiyar shugabannin horon hoto ta Amurka ta tambayi mambobinta a shekarar, kimanin bakwai cikin goma na waɗanda suka amsa sun ce annobar ta yi wa karatu illa mai nauyi ko matsakaiciya.

Wasu ɗaliban ma fitar da su aka yi daga sashen ɗungurungum. Hukumar da ke kula da horon likitoci a Amurka ta yi wa asibitoci izinin ayyana halin larura su tura mai neman ƙwarewa duk inda ake bukata, sai ga likitocin hoto a Niyok, haka ma takwarorinsu na Landan, sun koma ɗakunan jinya da na kulawa ta musamman, wasunsu shekara uku rabonsu da rataya abin sauraren ƙirji, suna rubuta magani, suna zura bututu a jijiyar wuya, suna kiran iyalan da aka hana shiga su gaya musu halin da nasu ke ciki. Ni kam ba na lissafa wannan cikin hasara tsantsa. Fanni ne da aka daɗe ana tsoron ma'abutansa su manta cewa bayan kowace inuwa akwai mai rai, kuma wanda ya riƙe hannun mai farin huhun nan yana haki ba zai ƙara karanta irin hoton da sanyin jiki ba.

Jarrabawa ita ma ta rikice. Babbar jarrabawar ƙarshen shekara ta uku, wadda ɗaliban Amurka suka saba yin tattaki zuwa Shikago ko Tucson su zauna kafin annobar, an ɗaga ta daga bazarar 2020 zuwa Nuwamba, aka sake ɗagawa zuwa Fabrairu 2021, aka kuma yi ta daga gida ta kwamfuta. Darasin mako huɗu da ake yi a Silver Spring kusa da Washinton, inda ake jera hoto da naman da aka yanko domin ɗalibi ya ga asalin abin da ke jefa inuwar, ya koma intanet, haka ma manyan tarukan shekara na Shikago da Biyana. A Ingila kwalejin likitocin hoto ta ɗage zaman jarrabawarta na bazara.

Adalci ne a faɗi cewa larurar ta haifar da dabaru masu fa'ida. A jami'ar Niyok malamai suka tono tsofaffin hotuna daga ma'ajiya, suka ɓoye rahotanninsu, suka jera wa kowane ɗalibi tamkar aikin yini, ya karanta sa'an nan a yi bita da shi. Wannan ya yiwu ne kawai domin suna da ma'ajiyar. Manyan malaman da a da sai mai kuɗin jirgi da biza ke jin muryarsu suka riƙa ba da darasi kyauta a intanet, dandalin Radiopaedia ya buɗe taronsa kyauta ga likitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har ya zama ɗalibi a Sakkwato ko Yamai yana sauraren darasi ɗaya da ɗalibin Boston a sa'a ɗaya. Wannan alheri ne babba, kuma mu muka fi kowa cin moriyarsa.

Sai dai halin da ɗalibanmu suka shiga ya bambanta da na Turai ta fuskoki masu muhimmanci. Mai neman ƙwarewa a Nijeriya yana bi ta Kwalejin Ƙasa ta Horon Manyan Likitoci, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda sashen hoto ke ƙarƙashinta, yana aiki a asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. An sami mai cutar na farko a Ikko ranar 27 ga Fabrairu 2020, aka kulle Ikko da Abuja ranar 30 ga Maris, Kano ta sami nata ranar 11 ga Afrilu, kuma babu Bakanon da zai manta da jana'izun watan nan, da dattawa da malaman da aka rasa a jere, Allah ya jiƙansu da rahama. An ɗage jarrabawa, aka tsayar da tafiye-tafiyen darasi, a watan Yuni kuma likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki, kayan kariya na cikin abin da suke kuka a kai. Dabarar karatu daga gida ba ta yi mana amfani sosai ba, domin inda fim ake wankewa, ko inda kwamfutar sashen ba ta haɗe da waje, ko wuta ba ta tsayawa, babu hoton da zai bi malami gida. Kuma a wurinmu likitan hoto da hannunsa yake yin sikanin, ba kamar Amurka ba inda galibi wani ma'aikaci ke ɗauka: ɗaki ne ƙarami a rufe, majinyaci a kwance bai fi kamu ɗaya daga fuskar likita ba, an shafa masa man sikanin a ciki, likita na cewa ja numfashi, riƙe, saki, har minti goma sha biyar ko fiye, bayansa kuma ga layi. Wannan sana'a ce ta hannu, malami kan ɗora hannunsa a kan na ɗalibi ya karkata shi kaɗan har ƙoda ko matsarmama ta fito, kuma babu Zoom ɗin da zai yi wannan.

Masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda annobar shekarar 749 ta Hijira ta ɗauke masa iyaye da malamai da yawa a Tunis yana saurayi, ya san cewa babbar ɓarnar annoba ga ilmi ita ce yanke sanadi tsakanin manya da masu tasowa. Korona, cikin rahamar Allah, ba ta ɗauke yawancin malaman hoto ba, amma ta nuna musu cewa ana iya aikin daga gida, kuma da yawa a Turai da Amurka ba su koma ɗakin karatu kamar da ba, ga shi kuma aikin da aka jinkirta ya dawo ninki, har lokacin bita ya ƙara ƙuntata. A 2023 hukumar jarrabawar Amurka ta sanar cewa daga 2028 za ta dawo da jarrabawar baka, wadda ta daina bayan 2013, inda ɗalibi zai fassara hoto da bakinsa malami na yi masa tambaya. Na ɗauki wannan shaida ce cewa manyan fannin sun san akwai abin da ba a auna shi sai da muzakara.

Saboda haka ina roƙon shugabannin sassan hoto na asibitocin koyarwarmu, daga Kano zuwa Damagaram, da su fara tara ma'ajiyar hotunan koyarwa tun yanzu da ake zaune lafiya, a cire sunayen majinyata, a tsara su babi-babi bisa cututtukan da muke fama da su, tibi da sikila da hujewar hanji da tsargiya da sankarar hanta, domin darasin Boston ba zai koya wa ɗalibinmu waɗannan kamar yadda namu hotunan za su koya masa ba. Su kuma rubuta tun yau yadda za a ci gaba da bita ido da ido, ko da mutum biyu-biyu ne a ɗaki mai iska da takunkumi, ranar da aka sake cewa a watse.